Surukan ɗana suna zaune cikin jirgin ruwa a marina: talauci ne?

Wata Hajiya daga Zariya ta rubuto tana cewa: "Ɗana yana aiki a Ingila, ya auri Baturiya. Ya gaya mini iyayenta sun yi ritaya, sun bar gidansu sun koma cikin jirgin ruwa, kuma yanzu suna zaune a marina har sanyi ya wuce. A watan Janairu zan je ganin jikata, su ma sun gayyace ni. Abin ya tsaya mini a rai. Babu ce ta kore su daga gida yaron yake ɓoye mini? Yaya tsofaffi biyu za su rayu a kan ruwa? Me zan tarar idan na je?"

Hajiya, ranki ya daɗe, barka da arziki, Allah ya raya jika. Bari in fara da kalmar, don na san inda ta fara kai hankalinki, ni ma can ta kai nawa ranar da aka ce mini akwai aiki a marina. Ba marinar rini ba ce irin ta Ƙofar Mata a Kano, babu baba, babu karofi. Kalmar Turawa ce ta yi karo da tamu. Marinarsu wani babban tafki ne da aka haƙa a gefen hanyar ruwa, aka kewaye, aka shimfiɗa gadojin katako a cikinsa, kowane jirgi da gurbinsa kamar motoci a tasha. Kowane gurbi yana da turken wutar lantarki, da famfo a kusa, sannan a bakin tudu akwai ofis, da banɗakuna, da ɗakin wanki, da wurin sayar da man dizal da gas da kwal. Na yi shekaru ina gyaran injina da wayarin na irin waɗannan jirage a tsakiyar Ingila, kuma yawancin masu kirana tsofaffi ne kamar surukan ɗanki.

Kan batun talauci, a cikin maganar da yaron ya yi miki akwai amsa. Ya ce suna marina har sanyi ya wuce. Wanda babu ta tura kan ruwa ba ya shiga marina. Gurbin marina kuɗi ne, ana lissafinsa da tsawon jirgi, kuma a yankinmu dubban fam ne a shekara, a Landan kuwa ya ninka haka. Masu ƙaramin ƙarfi, kuma akwai su da yawa, musamman matasan da kuɗin haya ya kora daga gidajen Landan, a bakin hanya suke ɗaure jirginsu rani da damina, suna matsawa duk mako biyu, suna fasa ƙanƙara su je ɗibar ruwa. Tsofaffin da suka iya sayen gurbi na wata huɗu ko biyar, su jona wuta su miƙe ƙafa, suna da abin hannunsu. Jirgin kansa ba araha ba ne. Sabo ya haura fam 100,000, na hannu mai kyau yakan kai fam 40,000 zuwa 70,000, lasisin shekara na matsakaicin jirgi ya wuce fam 1,000, ga inshora, ga gyara wanda ba ya ƙarewa.

Amma shakkarki tana da tushe, ko a can ma an taɓa kallon mutanen jirgi a matsayin talakawa. Waɗannan hanyoyin ruwa, da ake kira kanal, da hannu aka haƙa su don jigilar kaya. Kanal ɗin Bridgewater da aka buɗe a 1761 kwal yake ɗauka daga Worsley zuwa Manchester, dawakai ne ke jan jiragen daga gefe. Da jirgin ƙasa ya zo ya karya farashin dako, sai masu jirage suka kasa biyan hayar gida, suka kwashe mata da 'ya'ya suka cusa cikin wani ɗan ɗaki a bayan jirgi wanda tsawonsa bai kai ƙafa goma ba. Haka aka yi ta tafiya har sanyin 1962 zuwa 1963, lokacin da ruwan ya daskare makonni, jirage suka maƙale, masu kaya suka koma wa manyan motoci, ba su dawo ba. Masu sha'awa ne suka ceci kanal ɗin daga cikewa da shara, wata ƙungiyarsu da aka kafa tun 1946 ta yi ta fafutuka har aka gyara da yawa. Yau akwai wajen mil 2,000 a Ingila da Wales ƙarƙashin wata gidauniya mai suna Canal & River Trust, wadda ta karɓi ragamar a 2012, da jirage sama da 30,000 masu lasisi. Inda a da aka zuba kwal, nan ne yanzu falo da kicin na surukan ɗanki.

Jirgin da za ki gani siriri ne dogo, na ƙarfe, mai kama da taragon jirgin ƙasa da aka ɗora a ruwa. Faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, bai cika mita biyu da kwata ba, kuma ba a ƙara masa ko inci ɗaya, saboda tsofaffin ƙofofin ruwan, wato ɗakunan da jirgi ke shiga a ɗaga shi ko a sauke shi, faɗin ƙafa 7 aka gina su tun zamanin injiniya James Brindley. Tsawo yakan kai ƙafa 70, amma tsofaffin da ke son zaga ƙasar duka sun fi sayen mai ƙafa 57, don a arewacin Ingila akwai ƙofofin da dogon jirgi ba ya shiga. Ki tsaya a tsakiyar falon ki buɗe hannuwa, sauran kaɗan ki taɓa bango biyu. Komai a jere yake kamar ƙwayoyin carbi: falo, kicin, banɗaki, ɗakin kwana, inji. Idan mutum biyu suka haɗu a lungun tsakiya, dole ɗaya ya koma da baya.

Me ya kawo su marina, ba su ci gaba da yawonsu ba? Doka da sanyi. Wata doka ta 1995 ta ba mai jirgi zaɓi biyu: ko dai ya nuna yana da gurbin dindindin inda jirginsa ke zama, ko kuma ya yi alƙawarin zai riƙa tafiya da gaske, ba zai wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba. Akwai ma'aikata masu bin gefen ruwa suna rubuta lambobin jirage, wanda aka ga yana jeka-ka-dawo tsakanin gada biyu sai a hana shi sabunta lasisi. Da bazararsu, daga Afrilu zuwa Oktoba, wannan sharaɗi ba ya damun ɗan fansho, ai yawon ya fito yi. Amma daga Nuwamba zuwa Maris gidauniyar kan rufe sassa daban-daban don canja ƙofofi da gyaran gadoji, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a Disamba, sola ba ta kawo abin kirki, hanyar gefen ruwa ta zama taɓo, wani lokaci ruwan ya daskare jirgi ya kasa motsi. Mai shekara 70 da ya san ciwon kansa sai ya nemi marina tun Satumba ya biya. Ki ɗauke ta kamar mashekarin makiyaya, wurin da ake komawa a zauna idan lokacin yawo ya wuce.

Shi kansa yawon yana da kyau ki san yadda yake, don za su cika miki kunne da labarinsa. Gudun da aka yarda da shi bai wuce mil 4 a awa ba, mai tafiya a ƙasa da ɗan sauri yana wuce su. Daga Landan zuwa Birmingham ta kanal ɗin Grand Union mil 137 ne da ƙofofin ruwa 166. Jirgin ƙasa yana yin tafiyar cikin awa ɗaya da rabi, su kuwa fiye da mako, in ma sun yi sauri ke nan. Ƙofar ruwan, wadda suke kira lok, wani ɗaki ne na bulo mai ƙyaure gaba da baya. A shigar da jirgi a rufe, a sako ruwa ya ɗaga shi, ko a zubar ya sauke shi, da haka jirgi ke hawa tudu mataki-mataki. Da hannu ake yin komai, a murɗa ƙarfe a ɗaga marfin ruwa, a jingina baya a tura ƙyauren itacen da ya haura tan guda. A Hatton kusa da Warwick guda 21 ne a jere, a Tardebigge 30. Abin da ke ba ni dariya har yau, sau da yawa maigida ne ke tsaye a bayan jirgi yana riƙe da sandar tuƙi da kofin shayi, uwargida ce ke can tana fama da ƙyaure. In kin tambaya sai ta ce ita ta zaɓa, wai ba ta son a ce ita ta buga jirgin da bango.

Yanzu zaman marinar kansa, wanda shi za ki gani da idonki.

Abu na farko da ke canja wa mutum hali shi ne, duk abin da gida ke yi masa a ɓoye, a jirgi sai ya yi shi da hannunsa. Ruwa yana cikin tanki a gaban jirgi, lita 500 ko sama da haka kaɗan, da tiyo ake cika shi. Mutum biyu masu tattali yana kai musu mako. A Janairu famfunan kan gada sukan daskare, sai ki ga tsohuwa da safe ta fito da butar shayi tana zuba wa bakin famfo ruwan ɗumi, mijinta yana riƙe da tiyon da ya kwana da shi a cikin banɗaki don kada ya sandare. Mu da muka tashi da randa da sayen ruwa wurin 'yan garuwa wannan ba baƙon abu ba ne, amma ga Baturen da ya shekara 60 bai taɓa ganin famfo ya ƙafe ba, makaranta ce sabuwa.

Wuta kuma ta mita ce mai kati, a sa kuɗi a sha, irin wadda kika sani. Sai dai turken amfiya 16 kawai yake bayarwa, wato kilowat uku da rabi ko sama kaɗan. A kunna butar lantarki da hita da injin wanki tare, sai ɗif, a fita cikin ruwan sama a tayar da makunni. Akwai wata illa ta zama jone da wutar marina wadda sababbin shiga ba su sani ba, ita ce ta fi kawo mini aiki. Wayar ƙasa ta wutar tana haɗa dukkan jiragen da ke jone, ga su kuma duka a ruwa ɗaya, sai su zama kamar babban batir, wata siririyar wuta tana bi tana cin ƙarfen wani jirgin a hankali. Akwai 'yar na'ura da ake sa wa a layin don yanke wannan, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Na taɓa ganin jirgin da ya shekara uku jone babu ita. Da aka fito da shi tudu aka wanke, gefensa na ƙasa kamar fuskar mai zanzana, ramuka ko'ina, wasu sun ci rabin kaurin ƙarfen. Ƙarfen gefe milimita 6 ne a yawancin jirage, na ƙasa 10. Sai da aka yi waldar sabon faranti a kai, kuɗin da ya isa sayen mota. Shi ya sa duk shekara biyu ko uku ake fito da jirgi a kankare a shafe shi da kwalta, a duba dunƙulallen ƙarafan da ake liƙa masa don tsatsa ta ci su a madadinsa.

Sai banɗaki, kuma ki yi mini afuwa, ba a maganar jirgi ba a zo nan ba. Su kansu mutanen jirgi suna yi wa juna ba'a cewa duk hirar da suka fara a nan take ƙarewa. Iri biyu ne. Akwai mai babban tanki a ƙarƙashin gado, wanda ake kai jirgi a zuƙe da inji a biya, kamar motar kwasar masai. Akwai kuma mai 'yar tanki kamar akwatin hannu, wajen lita 20, wadda ake zarowa a kai wurin zubarwa. Mutum biyu suna cika ta a kwana biyu ko uku. Saboda haka idan kin ga dattijo mai furfura, wanda wataƙila shugaban makaranta ne a da, yana jan wani akwatin roba a kan 'yar kura da sassafe yana gaisawa da mutane, kin san abin da ya ɗauko. Ba wanda ke jin kunyar wannan a can, kowa yana da tasa.

Za ki yi zaton sanyi zai kashe su. Akasin haka za ki tarar. A kusurwar falo akwai murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi da bututun hayaƙi, ana zuba masa kwal ko itace, kuma ba ya mutuwa daga Nuwamba har Maris. Buhu biyu ko uku na kwal suke ƙonawa a mako. Wurin ƙarami ne, nan da nan ya ɗauki zafi har a buɗe ƙofa ana ƙanƙara a waje. Ƙafa ce kawai ke jin jiki, don daɓen yana ƙasa da saman ruwa, kai yana gumi ƙafa tana rawar ɗari. Abin da ya fi sanyi damunsu shi ne raɓa. Numfashin mutum biyu da tururin girki suna sauka a kan taga da ƙarfe, kowace safiya sai an bi da tsumma, in an yi sake katifa ta yi funfuna daga ƙasa.

Murhun nan shi ne daɗin jirgi, shi ne kuma haɗarinsa. Kin san yadda hayaƙin janareta ke kashe iyali guda a ɗaki a gida Najeriya, a wayi gari ba wanda ya tashi. Iskar nan ce dai, ba ta da wari ba ta da launi, kuma jirgi akwatin ƙarfe ne. Murhun da gilashinsa ya tsage, ko bututun da ya toshe, ko bokitin toka mai sauran garwashi da aka bari a ciki, duk suna fitar da ita. Jirgi yana da ƙofofin iska a rufi da jikin ƙyaure, kuma babban wautar da nake yawan tararwa ita ce mutum ya ji iska na shigowa ya cusa musu safa. Duk shekara huɗu sai mai bincike ya duba gas da wuta da mai kafin a sabunta takardar lafiyar jirgi, kuma tun Afrilun 2019 ya zama dole a sa ƙararrawar da ke jin wannan iska.

Wata asuba a watan Fabrairu wasu tsofaffi da nake yi wa aiki suka kira ni. Na same su a ɗakin wankin marina, sun lulluɓa da bargo ɗaya, karensu a tsakiya, matar tana riƙe da jakar magungunan mijin. Ƙararrawa ce ta tashe su wajen ƙarfe uku. Sun duba murhu lafiya lau, mijin ya ce na'urar ce ta lalace a cire mata batir a koma barci, matar ta ce sai dai ya koma shi kaɗai. Ina ɗaga murfin ɗakin inji warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni. Ɗaya daga cikin batiransu huɗu ya lalace daga ciki, caja kuwa tana jone da wutar marina tana ta ɗura masa, ya kumbura, ya yi zafin da ba a iya ɗora masa hannu, yana tafasa yana fitar da wata iska daban wadda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da ita. Na kashe wuta daga turke, muka bar shi ya huce har hantsi kafin na taɓa shi. Har yau in na je, matar sai ta tuna masa, shi kuma ya ce ai dama yana shirin tashi.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba a rubuta shi a takardar sayen jirgi. Mutum biyu da suka shekara 40 kowa yana fita aikinsa, a haɗu da yamma, yanzu an rufe su a lungu ɗaya dare da rana. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Babu ɗakin da za a shiga a rufo ƙofa a huce, babu zaure, babu turaka. Na ga waɗanda sanyi ɗaya ya ishe su, da Afrilu suka liƙa takardar sayarwa. Waɗanda suka daɗe, za ki ga kowa ya san aikinsa ba sai an faɗa ba, kuma ɗaya yakan ɗauki kare ya fita awa biyu ba don karen ba. Marina tana taimaka musu ta nan, don akwai mutane. Ban ga wurin da Turawa ke zaman maƙwabtaka irin tamu kamar marina ba. A unguwar gidaje mutum zai shekara goma bai san sunan na jikin bangonsa ba. A nan kowa ya san jirgin kowa, ana ara wa juna sifana, ana ɗauko wa mara lafiya buhun kwal, kuma da safe in ba a ga hayaƙi daga bututun wani tsoho ba, sai an je an ƙwanƙwasa. Da yawa wannan ne ke riƙe su, fiye da ruwan da agwagin.

Akwai ƙananan wahalhalu na rashin adireshi. Yawancin gurabe na shaƙatawa ne a takarda, ba na zama ba. Gurbin zama na dindindin sai da izinin ƙaramar hukuma, ana biyan harajin gida a kansa, kuma ba shi da yawa. Mai gurbin sanyi kawai yakan yi amfani da adireshin ɗa ko 'ya don banki da fansho da lasisin mota, don haka kada ki yi mamaki in kin ga wasiƙunsu suna zuwa gidan ɗanki. Likitan unguwa a ƙa'ida ba ya hana mutum rajista don ba shi da adireshi, ko da yake wani lokaci sai an yi ja-in-ja da mai karɓar baƙi. Kuma mai gurbi a marina ba shi da kariyar da ɗan haya ke da ita a gida. Kwantiragi ne, in masu wurin sun ba shi wa'adi, sai ya kwance igiya.

Inda nake so ki sa hankalinki, tunda uwa ce ke kuma ɗanki ne a tsakiya, shi ne gidan da suka bari. Sayarwa suka yi ko haya suka bayar? Gida a Ingila darajarsa hawa take yi da shekaru, jirgi kuwa kamar mota ne, sauka yake yi, yana kuma cin kuɗi yana saukar. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo: ranar tana zuwa da gwiwa za ta ƙi matakala, ko a yi wa ɗaya aikin ƙugu asibiti ta ce ba za ta sallame shi zuwa jirgi ba, ko ɗaya ya rasu ya bar ɗaya da igiyoyi da tukunyar gas mai nauyi. Keken guragu ba ya shiga jirgin nan, gadon ɗaukar mara lafiya ma da ƙyar. Waɗanda suka bar gida a hannun 'yan haya, ko suka sayar da babba suka sayi ƙarami suka ajiye, suna cin haya da fansho, in lokaci ya yi su koma tudu cikin rufin asiri. Waɗanda suka sayar suka zuba komai a jirgi da yawo, bayan shekara goma sai su tarar kuɗin da ya rage ba ya sayen ko ɗaki ɗaya a garin da suka baro. Su ne ke ƙarewa a layin neman gidan gwamnati ko a ɗakin baƙi na 'ya'yansu. Na ga iri biyun, kuma daga waje ba a bambance su, fenti ɗaya, furanni ɗaya a kan rufi. Kada ki tambaye su da bakinki, Bature ya fi jin nauyin maganar kuɗi fiye da yadda muke jin nauyin suruki. Ki tambayi ɗanki ku biyu, shi ma in bai sani ba ya kamata ya sani.

Sauran shirin ziyara. Ki bar takalmi mai santsi a gida, ki sa mai kama ƙasa, don katakon gada da safiyar Janairu kamar an shafa masa karkashi yake. Ki tattare bakin zane ko abaya da hannu ɗaya, ɗayan ya zama babu komai a cikinsa. Wannan ba wasa ba ne. Kanal a wurare da yawa bai wuce ƙirji ba, amma marina takan fi zurfi, ruwan kuma yana ɗauke numfashi cikin daƙiƙoƙi, rigar sanyi in ta jiƙe ba a iya hawowa da ita sai an jawo mutum. Ni kaina na taɓa faɗawa da akwatin kayan aiki, maza biyu ne suka ciro ni, akwatin yana can har yau.

Ki ce wa ɗanki ya gaya musu tun da wuri in ba kya son kare ya taɓa ki, don da wuya ki sami jirgin tsofaffi babu kare, kuma za su ɗaure shi ba tare da sun ji haushi ba. Haka batun abinci, a faɗa musu kafin ranar. Alwala da kama ruwa ki yi su a banɗakunan marina, suna da tsabta da ruwan zafi, ki tafi da 'yar butarki, kin ga kin hutar da dattijon jan akwati. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa a wannan wata, wataƙila duka uku su same ki a can. Jirgin a ɗaure yake ba ya tangaɗi sosai, za ki yi sallarki a tsaye a falo. Alƙibla daga Ingila kudu maso gabas take, amma kada ki yarda da abin da waya ta nuna miki a ciki, ƙarfen jirgin yana rikita ta. Ki duba a tudu, ki riƙe wata bishiya ko gini a matsayin alama, sannan ki shiga.

Tsaraba kuma, na san hannunki, don haka nake roƙo. Kada ki kai musu kwalla ko babbar tabarma ko kafet. Ba su da inda za su sa, duk abin da ya shiga jirgi sai wani ya fita, kuma kunya za ta hana su faɗa miki. Kilishi da dambun nama da man shanu kada ma su shiga jakarki, an hana shiga da nama da kayan madara Ingila daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe. Dabino, da busasshen zoɓo, da ɗan yaji, da ɗan ƙaramin kayan fata na Zariya ko hula ɗaya ga maigidan sun wadatar. Idan kin isa bakin jirgin, ki ƙwanƙwasa rufin ki jira, haka ake sallama a wurinsu, ba a taka jirgin mutum sai ya ce a shigo. Ki kama ƙarfen da ke bakin rufi kafin ki ɗaga ƙafa, ki sunkuyar da kai a ƙofa, matakalar kuma ki sauke ta da baya kamar tsani.